Dada Eva, Da Me Za Mu Auna Kabarinki?

Daga Margret Kwaji, Sabon Layi, Mubi

Ranar Talata 11 ga watan Maris na 2025, ina tsakar gida ina tsintar wake, wayata ta yi ƙara da doguwar lamba ta ƙasar waje. Dennis ne, ɗan aminiyata tilo, daga Amurka. Ya ce mahaifiyarsa, Farfesa Eva Dunmore, ta rasu a asibiti bayan gajeriyar jinya, tana da shekara tamanin da ɗaya. Ban san lokacin da faifan ya suɓuce daga cinyata ba. Kaji suka cinye waken a gabana ina kallonsu, ban kore su ba.

Jaridun ƙasarki sun yi miki ta'aziyya tun a makon nan, kuma na tabbata sun yabe ki yadda ya kamata. Tawa ta makara, kuma ba za ta yi taushi irin tasu ba. Fushi nake da ke, Dada Eva. Fushi nake da mutanen garina ma. Ke kika koya mini kada in rubuta tarihin mutum in ɓoye inda ya ɓata wa mutane rai, to yau a kanki zan gwada.

Ga wanda bai san ta ba, Farfesa Eva baƙar fata ce 'yar kudancin ƙasar Amurka, jikar jikokin bayi, kuma malamar tarihi da aka san sunanta a jami'o'in ƙasarsu. Ta sha ba ni labarin abin da ya jefa ta wannan aiki. Tana ƙarama kakarta takan kai ta wani kurmi a gefen gonar auduga, ta nuna mata 'yan tuddai da aka dasa wa fasassun kwanuka, ta ce mata nan mutanenmu suke kwance. Da ta girma ta koma neman wurin, sai ta tarar an shimfiɗa kwalta a kai, motoci na tsayawa. Babu suna ko ɗaya a takarda, domin masu bayi sun rubuta haihuwar dawakinsu amma ba su damu da inda suka rufe mutane ba. Daga nan ta shafe rabin rayuwarta tana bin ƙauyuka da dazuzzuka tana neman maƙabartun bayi da aka manta. Ta tambayi tsofaffi, ta duba tsoffin taswirori, ta tsaya a gaban katafila da sandarta ba sau ɗaya ba. Littafinta na farko a kan wannan ne, kuma an ce mini saboda shi aka kewaye wurare da dama da a yanzu da sun zama kasuwa ko titi.

Kin zo Mubi a 1983. Kin ce kin ga inda tafiyar bayi ta ƙare, kina so ki ga irin wuraren da take farawa. Kin san bayin da aka kama a duwatsunmu ba Amurka aka kai su ba, amma kika ce uwar da aka ƙwace wa ɗa ba ta tambayar wace hanya aka bi da shi. Ni lokacin ƙaramar malama ce a makarantar 'yan mata, ina jin Kamwe da Fulatanci da Hausa da Turanci, sai shugabarmu ta ce in raka ki na hutu ɗaya. Hutun nan ya kai mu shekara arba'in da ɗoriya.

Aiki da ke ba sauƙi. Tambaya ɗaya sai ki yi wa tsoho yau, ki koma bayan kasuwa biyu ki sake yi masa kamar ba ki taɓa ji ba. Ki ji ta bakin jikan wanda aka kama, washegari ki ja ni gidan jikan wanda ya yi kamun, ki ci tuwonsa, ki tambaye shi da ladabi ɗaya. Ni da jinina yake tafasa sai in riƙa sa wa fassarar yaji, ke kuwa ko da ba kya jin yaren sai ki kalli fuskar tsohon ki ce in maimaita abin da ya faɗa kawai. Kuma duk hirar da aka yi, tambayarki ta ƙarshe ba ta canzawa: waɗanda suka mutu a hanya, a ina aka sa su? Har yara a Nassarawo suka riƙa tsokanarki da ita idan mun wuce.

Wannan tambaya ce ta kai mu Sahuda, gidan marigayi Malam Adi, manomi Bafulatani. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin wata rana ya tashi ya ce mu biyo shi. A ƙarshen gonarsa, kusa da mayo, wato rafin da ke bayan ƙauyen, akwai wani lungu da ba ya sa masa garma. Ya ce mahaifinsa ya hana, domin mutanen dutse da aka ɗauro suka kasa tafiya a nan aka rufe su, kuma kakansa yana cikin masu korar su. Kin durƙusa a wurin kin daɗe. Washegari ke da shi da ɗansa Gabdo, wanda a lokacin saurayi ne, kuka ɗebo duwatsu daga mayo kuka kewaye lungun. Mutanen gidan suka sa miki suna Hawwa, mu kuma muka ce Dada Eva, wato Uwa Eva da Fulatanci.

Akwai abin dariya da ya faru a gidan nan, wanda ban san zai dawo mini da kuka ba. Ke doguwa ce, kin fi yawancin mazan Sahuda tsawo, ƙofar zauren Malam Adi kuwa gajeriya. Duk zuwan da muka yi sai kin buga goshi. Ana ce miki ki sunkuya, kina cikin tunanin tambayarki sai ji kake ƙum. Da abin ya ishi tsohon, ya tsayar da ke a bakin ƙofar, ya sa aka fasa saman aka ɗaga shi daidai kanki, ba ƙari ba ragi. Ya ce ba zai yarda a ce baƙuwa ta bar hankalinta a ƙofar gidansa ba. Zauren yana nan har yau, Alhaji Gabdo ne ke zama a ciki tun rasuwar mahaifinsa.

Alherinki gare ni ba zai lissafu ba, amma ɗaya zan faɗa, don shi ne ya fi ƙona mini rai yanzu. Lokacin da mahaifiyata ta rasu kina gari. Kin tuɓe takalmi kin shiga ɗakin da muke mata wanka, ke ce kika riƙa zuba ruwa ni da ƙannen uwata muna cuɗawa. Kin ga yadda muka shafa mata mai, muka ɗaura mata zanenta na zumuntar matan coci, muka yi mata magana kamar tana ji. Kin zauna a tabarma har aka tashi makoki. Da za ki tafi kin ce mini abin da kika fi yi mana hassada a kai shi ne mun san inda namu suke kwance, kuma hannunmu ne ya kwantar da su. Kin san al'adarmu ciki da waje, Dada. Ba za ki ce ba ki sani ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi muka watse, ni na faɗa Yola, su Alhaji Gabdo suka tsallaka Kamaru. Kin yi ta kira har kika same ni. Kin tambayi kowa da sunansa, sannan kika ce ko duwatsun suna nan. Suna nan. Zuwanki na ƙarshe a 2018 da sanda kika zo, kika ce a kai ki wurinsu. A gabana kika ce wa Alhaji Gabdo idan kin mutu kina so a sa ki a gefen waɗannan mutane. Ya dafa ƙasa da hannunsa ya ce ya yarda. Ni da shi duk mun ɗauka gawa kike nufi. Wa zai yi tunanin wani abu daban?

Saboda haka da Dennis ya ce zai kawo ki bayan Ista, muka hau shiri. Matan zumunta suka koyi waƙoƙi, na yi magana da mai motar ɗaukar gawa da zai tarbe ki a Yola, na fito da sabon zanen zumunta da turare. Dennis ya ce kada in damu da mota, na ɗauka kara ce irin ta baƙo. Ranar da ya iso ya shigo falona da jakar goyo ɗaya, mata cike da tsakar gida sun fara waƙa. Na leƙa bayansa ina neman akwati. Ya buɗe jakar ya fito da wani tulun ƙarfe mai murfi, bai fi gwangwanin madarar gari ba, ya ɗora a kan teburina a hankali ya ce ga Mama. Waƙar ta tsaya a tsakiyar baiti. An ƙone ki, Dada Eva, kuma ke kika ce a ƙone ki.

Dennis mutumin kirki ne, ya yi mana bayani da idanu jajur. Ya ce a ƙasarsu mutane da yawa haka suke yi yanzu, har da masu bi na gaske. Ya ce kin san wahalar ɗauko gawa daga can zuwa nan, kuma kina so ki kwanta wuri biyu, shi ya sa aka raba tokar: rabi an sa kusa da mahaifiyarki, rabi ga shi. Wato ko tulun ma rabinki ne. Wata tsohuwa a bayana ta tambaya a hankali wane rabin aka kawo mana, babu wanda ya yi dariya. Ni dai ina zaune da zane da turare a cinya, ban san abin da zan wanke ba. Matar da ta ƙare rayuwarta tana nema wa mutane kaburbura ta zo mana ba ta da jikin da za a kwantar.

Washegari muka je Sahuda. Dennis ya nuna wa Alhaji Gabdo wata 'yar ƙaramar shebur ta shuka fure da ya taho da ita, ya ce ko a tona ɗan rami a sa tulun, ko kuma a watsa tokar a gonar, kin ce duk wanda ya fi sauƙi. Na fassara da kyar. Alhaji ya ce da Hausarsa ta Bafulatanin Adamawa, “Toka a gona taki ne. In mun watsa shi, bana dawa zai sha shi, mu kuma mu ci. Ni ba zan ci Hawwa ba.” Ramin ma bai ce e ba, bai ce a'a ba. 'Ya'yansa suka ja shi gefe, na ji suna cewa abin da wuta ta ci ba a san hukuncinsa ba, kada a jawo musu magana a masallaci. Muka dawo da ke Mubi a kan cinyata.

Na ce to, gonar ta gagara, bari in nufi coci. A nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Fastonmu, Fasto Seth, ya ce shi bai ƙi ba amma sai dattawa sun zauna. Dattawa suka zauna suka ce ba su taɓa gani ba, babu tsarin addu'ar da aka tanada wa toka, sai an tambayi na sama. Na sama suka ce a kafa kwamiti. Wani dattijo ya tsare ni a bakin coci yana tambayata ranar tashin matattu daga ina za ki taso, Amurka ko Mubi. Na ce masa Allahn da ya san inda mutanen lungun Sahuda suke ba tare da suna ba, ba zai ruɗe a kan adireshi biyu ba. Aka ce na yi wa dattijo rashin kunya, aka ƙara wannan a cikin abin da kwamiti zai duba.

Su kuma 'ya'yan garin nan da kika nema wa gurbin karatu a waje, waɗanda yau ake kira Dakta da Farfesa, ban ga ƙeyar ko ɗaya ba. Sun cika waya da hotunanki da dogon Turanci, har suna shirya taron tunawa da ke a otal a Abuja. Na kira biyu na ce tokarki tana falona ba ta da wurin kwana. Ɗaya ya ce lamari ne mai sarƙaƙiya, ɗayan ya ce in aiko masa da hoton tulun.

Hutun Dennis ya ƙare. Ya tafi yana kuka yana ba ni haƙuri, ya bar mini ke da 'yar shebur ɗin. Kin zauna a kan teburina makonni, na rufe ki da farin mayafi. Maƙwabta suka daina shigowa falo, sai su tsaya a tsakar gida mu gaisa. Matar ɗana ta daina share ɗakin. Ni kuwa kullum da safe in gaishe ki, in kuma yi miki faɗa. Na ce miki kin yi wa ɗanki sauƙi kin bar ni da wuya. Na ce miki ke da kike koma wa tsoho sau uku kan tambaya ɗaya, me ya hana ki tambaye ni sau ɗaya ko za mu iya karɓar toka? Da kin tambaya da na ce miki a rufe ki can gaba ɗaya kusa da uwarki, ki aiko mana da sandarki, mun gode. Karon farko ke nan da nake miki magana ba ki ce in maimaita ba.

Da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu na san lokaci ya ƙure. In ruwa ya sauka aka yi shuka, babu mai barin a taka masa gona sai bayan girbi, kuma ni ba yarinya ba ce da zan yi wa kaina alkawarin kaka. Na ga ranar da zan mutu a bar ki a hannun matar ɗana, a tura ki bayan kabad, wata rana a zubar da ke tare da tarkace. Abin da aka yi wa kakanninki ke nan. Wata Asabar da safe na naɗe ki a zanen zumuntar da na tanada, na sa 'yar shebur a jaka, na hau Keke zuwa tasha na nufi Sahuda. Niyyata in tona ramin da kaina, duk wanda zai yi magana ya yi.

Na durƙusa a gefen duwatsun ina fama da busasshiyar ƙasa sai na ji inuwa a kaina. Alhaji Gabdo ne da sandarsa. Ya kalli ramin da na fara, wanda bai kai zurfin kwano ba, ya kalli shebur ɗin.

“Malama Margret, wannan rami na waye?”

Na ce na Hawwa ne, tunda kowa ya ƙi.

“Ni ban ƙi ba. Abin da ya hana ni barci, ƙaramin rami na jinjiri ne. Hawwa ba jinjiri ba ne. Babba ne, ya haifu, ya yi aiki. In mun sa shi a ramin jinjiri mun raina shi.”

Na ce masa cikin ɗaci, to Alhaji, da me za mu auna? Ku kuna auna mamaci da kara kafin ku haƙa kabari, mu muna auna shi don akwati, ita kuwa ba ta bar mana tsawon da za a auna ba.  Ya je gefen gona ya zaro dogon karan dawa na bara, ya ce in biyo shi. Muka taka har gida. Ya tsaya a ƙofar zauren mahaifinsa, ya kafa karan a ƙasa, ya miƙe shi har saman ƙofar, ya karya daidai wurin. Ya miƙo mini ya ce, “Ga Hawwa.” Na riƙe karan nan da hannu biyu, kukan da ban yi ba tun Maris ya zo.

'Ya'yansa da suka yi gardama su ne suka ɗauko diga, domin ya ce musu addu'ar ba tasu ba ce amma alkawarin na gidansu ne. Suka shimfiɗa karan a ƙasa suka haƙa cikakken kabari, tsawonki da zurfin babban mutum. Na kira Fasto Seth na ce ba izini nake nema ba, sanarwa nake yi. Ya zo a kan babur da rigarsa ta gida, ya ce kwamiti bai aiko shi ba, shi ya aiko kansa. Matan zumunta kaɗan suka biyo shi. Aka saukar da ni cikin ramin, na shimfiɗa zanen daga kai zuwa ƙafa, na ɗora tulun a inda ƙirji zai kasance, na zuba turaren. Muka ƙarasa waƙar da ta tsaya a tsakar gidana. Su Alhaji suna tsaye daga gefe har aka gama, sannan suka ɗebo duwatsu daga mayo suka faɗaɗa da'irar ta haɗa da ke.

Kwamiti har yau bai ba da rahoto ba, kuma na ji an yi taron Abuja an ci an sha. Fushina da ke ma bai gama sauka ba, don ina so in wanke ki da hannuna kamar yadda kika taya ni wanke uwata, kin hana ni. Amma wanda duk ya bi ta gonar nan zai ga tudun kabari mai tsawo ya san babbar mace ce a ciki. Idan wata rana wata ta zo da irin tambayarki, akwai masu nuna mata wurin.

Ubangiji ya ji ƙanki, Dada Eva. Ya gafarta miki kurakuranki, har da wannan na ƙarshe, ya ba ki hutawa tare da waɗanda kika nema wa suna da waɗanda ba ki samu ba. Shi da ya san ƙurar kowa, ya tattara ki wuri ɗaya a ranarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dennis da iyalinsa, da ɗalibanki na can da na nan, da gidan marigayi Malam Adi a Sahuda, waɗanda suka yi rashin 'yar gida. Dennis, Allah ya ba ka haƙuri, ya sa ka ga bayan wannan baƙin ciki. Mahaifiyarka tana da kabari, mun auna shi daidai ita. Karan yana ɗakina, idan ka zo zan ba ka.